Labu, Zuma da Wuta: Kimiyyar da ke Cikin Kilishi da Burodin Nama

Gabatarwa

A cikin dukkan abincin da ɗan Adam yake ci, nama yana daga cikin waɗanda suka fi saurin lalacewa. Gero yakan shekara a rumbu, wake yakan yi watanni a buhu, amma tsokar da aka yanka da hantsi a watan Afrilu, idan aka bar ta haka nan, kafin wayewar gari ta soma wari. Wannan matsala ce da magidanta a Bauranya, da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya na Jihar Katsina, suke fuskanta aƙalla sau ɗaya a shekara, watau lokacin babbar Salla, sa'ad da nama yake yawaita a gida fiye da abin da za a iya cinyewa a kwana biyu. Iyaye da kakanni sun samo wa matsalar hanyoyi tun kafin a san firji. Wani naman a yi masa banda, wani a soya shi ƙayau a adana, wani a yi dambu da shi, wani kuwa a kai wa mahauci ya mayar da shi kilishi.

Kilishi ya bambanta da sauran saboda abu guda, watau labun da ake shafa masa, wanda yake ɗauke da ɗan zaƙi. Haɗa zaƙi da nama kuwa ba Bahaushe kaɗai ya san shi ba. A Amurka da ƙasashen Turai akwai wani abinci na niƙaƙƙen nama da ake curawa kamar burodi, a shafe bayansa da haɗin tumatir da sukari, a gasa. Sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa "burodin nama". Abinci biyun nan sun yi tarayya a abin da ke faruwa a bayansu idan sun ji wuta, amma sun yi hannun riga a abin da ke faruwa a cikinsu. Wanda ya fahimci dalilin haka zai iya sarrafa kowannensu a gida ba tare da ya jefa iyalinsa cikin ciwon ciki ba.

Ruwan da ke Cikin Tsoka

Jan nama marar kitse kimanin kashi 75 cikin 100 nasa ruwa ne, kimanin kashi 20 kuma furotin, watau sinadarin gina jiki. Ragowar ɗan kitse ne da gishirin ma'adinai. Ruwa da furotin su ne ainihin abin da ƙwayoyin bakteriya suke nema. Idan suka sami ɗumi, tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas (duk zafin da za a ambata a gaba da wannan ma'auni ne), wasunsu sukan rabu biyu a kowane minti 20. Ɗalibi zai iya lissafawa da kansa: ƙwaya 1 ta zama 2, 2 su zama 4, 4 su zama 8. Cikin awa 7 an yi ninki sau 21, ƙwaya guda ta haura miliyan 2. Zafin ranar bazara a Katsina, wanda yakan kai digiri 40, yana tsakiyar wannan zango.

Sai dai ba kowane ruwa ne bakteriya suke iya sha ba. A shekarar 1953 wani masani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna W. J. Scott ya nuna cewa abin da ke hukunta yaɗuwarsu shi ne yawan ruwan da yake sake a cikin abinci, wanda gishiri ko sukari ko furotin ba su riƙe shi ba. Ana auna wannan sakakken ruwa da ma'auni mai farawa daga 0 ya ƙare a 1. Tsabtataccen ruwa yana kan 1, ɗanyen nama kuwa wajen 0.99. Yawancin bakteriya masu kawo cuta sukan daina hayayyafa idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 0.91. Wata mai taurin kai da ake kira Staphylococcus aureus, wadda take zaune a fatar mutum da cikin hancinsa, takan jure har zuwa 0.86. Yawancin funfuna sukan tsaya a wajen 0.80, ƙasa da 0.60 kuwa babu wata ƙwayar da take iya girma. Zuma tana kusa da 0.60 ɗin nan, ko da yake kimanin kashi 17 cikin 100 nata ruwa ne, domin sukarin da ke cikinta ya ɗaure ruwan tamau. Masu iya magana da suka ce da tsohuwar zuma ake magani sun riga sun lura cewa zuma ba ta ruɓewa.

Aikin mai kilishi, in an taƙaita, shi ne ya sauko da nama daga 0.99 zuwa ƙasa da inda bakteriya suke iya hayayyafa, kuma ya yi haka kafin su riga shi.

Dalilin Yanka Shi Fale-fale

Mahauci yakan zaɓi tsoka zalla, galibi ta cinya, ya cire kitse da jijiya, sa'an nan ya riƙa warware ta da wuƙa mai kaifi har ta zama shimfiɗa fale-fale, wadda kaurinta bai wuce milimita kaɗan ba. Duk wanda ya ga masu wannan sana'a a unguwar Agadasawa ta birnin Kano, ko a Madawa da Tasawa ta Jamhuriyar Nijar, ya san cewa gwanintar tana hannu ne, kuma akan ɗauki shekaru ana koyo. Akwai lissafi a bayan wannan wahala. Ruwan da ke tsakiyar nama sai ya ratso zuwa waje kafin iska ta ɗauke shi, kuma lokacin da ratsowar take ci yana ƙaruwa ne daidai da kaurin naman sau kansa. Idan kauri ya ninka sau 2, lokaci zai ninka kusan sau 4. Idan ya ninka sau 3, lokaci zai ninka kusan sau 9. Yankan da ya kamata ya bushe cikin awa 4, in an yi shi da kauri ninki uku, sai ya nemi kwana ɗaya da rabi, alhali an ga abin da bakteriya suke iya yi cikin awa 7.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. A lokacin hunturu danshin iska a yankin Katsina yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, saboda haka naman da aka shanya bisa gadon kara yakan bushe tun kafin la'asar. A watan Agusta kuwa iska ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ɗaukar wani ruwan. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, babbar Salla tana zagaya dukkan yanayi: a 2007 ta zo cikin watan Disamba, a 2018 kuwa cikin watan Agusta. Dabarar da ta yi wa uwargida aiki a shekarar farko za ta iya ba ta kunya a ta biyu. Idan Salla ta faɗo da damina, suya da banda sun fi shanya aminci.

A nan ne kuma amsar masu ƙorafin tsadar kilishi take. Kilo 1 na tsoka yana ɗauke da ruwa giram 750. Idan aka busar da shi sosai, abin da zai rage bai kai giram 300 ba.

Labu

Bayan shanyar farko sai a tsoma naman cikin labu. Ginshiƙin labu shi ne tunkuza, watau niƙaƙƙiyar gyaɗar da aka matse manta, wadda da ita ce ake yin ƙuli-ƙuli. Akan dama ta da ruwa, a zuba gishiri, albasa, citta, kanumfari, masoro, barkono da ɗan sukari, wasu kuma su sa zuma. Kowane mahauci da nasa awon, ba ya kuma faɗa wa maƙwabcinsa. Wani bincike da J. O. Igene da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya nuna cewa fiye da rabin nauyin kilishin da aka gama daga kayan labu yake, kuma kusan rabin kilishin furotin ne, ruwan da ya rage a cikinsa kuwa bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Mutane da yawa sun ɗauka sukarin nan shi ne yake hana kilishi lalacewa. Gaskiyar magana, rawar da yake takawa a nan ƙarama ce. Ƙarfin ɗaure ruwa yana bin yawan ƙwayoyin da suka narke ne, ba nauyinsu ba. Ƙwayar gishiri ƙarama ce, nauyinta 58.5 a ma'aunin masana kimiyyar sinadarai, kuma idan ta narke takan rabu biyu. Ƙwayar sukarin rake kuwa nauyinta 342, ba ta kuma rabuwa. Saboda haka giram 1 na gishiri yana yin aikin da ya fi na giram 10 na sukari. Rana da gishiri su ne masu gadin kilishi. Amfanin sukari na farko shi ne yana riƙe ɗan danshin da ke hana naman ya zama kamar ƙirgi a baki. Wannan hali yana iya juyewa ya zama illa, domin zuma tana janyo laima daga iska, shi ya sa kilishin da aka cika wa zuma yakan yi laushi da damina har ya yi funfuna. Amfaninsa na biyu, wanda ya fi girma, sai an kai ga wuta yake bayyana.

Ya kamata a lura cewa tsoma busasshen nama cikin labu mayar masa da ruwa ne, watau an sake buɗe ƙofar da aka rufe. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari a duk aikin. Idan mai shafawa yana da miki a yatsa, ko labun ya wuni a kwano cikin zafi, Staphylococcus takan hayayyafa ta zubar da wani dafi wanda gashi ba ya kashe shi. Wanda ya ci zai soma amai cikin 'yan awoyi, ko da kuwa an gasa kilishin ya yi kyau. Lalle ne a dama labu daidai lokacin amfani da shi, da ruwa mai tsabta, a kuma mayar da naman rana nan take, a rufe shi da raga saboda ƙuda da ƙura.

Abin da Wuta Take Yi

Me ya sa naman miya yake fitowa fari-fari, alhali tsire da kilishi suna yin ja mai duhu da ƙamshin da ke kiran mutum daga nesa? Wanda ya fara gano bakin zaren wani likita ne ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard. A 1912, yana binciken yadda amino asid, watau tubalan da ake gina furotin da su, suke haɗuwa da juna, sai ya dafa su tare da sukarin gulukos, ya ga ruwan ya rikiɗe ya zama ƙasa-ƙasa. Shi ba abinci ne ya dame shi ba, kuma sai a 1953 ne wani Ba'amurke mai suna John Hodge ya tsara matakan wannan haɗuwa dalla-dalla. Har yau ana kiranta da sunan Maillard.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayar sukari takan kama ƙwayar amino asid, su zama abu guda marar natsuwa, wanda yake farfashewa ya sake haɗuwa ta hanyoyi masu yawa. Daga nan ɗaruruwan sababbin sinadarai suke fitowa. Ƙananan cikinsu sukan tashi sama, su ne ƙamshin da hanci yake ji. Manyan kuwa su zauna a jikin abincin, su ne launin da ido yake gani. Wannan haɗuwa ita ce take ba ɓawon burodi launinsa, ita ce ƙamshin soyayyar gyaɗa, ita ce kuma jan bayan waina da ƙosai.

Haɗuwar ba ta yin sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100, a Katsina ma ƙasa da haka kaɗan da yake ƙasar tana bisa tudu, kuma muddin akwai ruwa a bayan nama zafinsa ba zai wuce nan ba, komai yawan itacen da aka tura. Wannan shi ne sirrin farin naman miya. Busasshen kilishi kuwa ba shi da ruwan da zai tare masa zafi, ga furotin na nama da na gyaɗa, ga sukari, saboda haka 'yan mintoci kaɗan bisa garwashi sun ishe shi. Har ma masana sun gano cewa haɗuwar ta fi sauri a abincin da sakakken ruwansa yake tsakanin 0.6 da 0.8, inda kilishi yake ke nan lokacin da ake ɗora shi a wuta.

Ba kowane zaƙi ne yake shiga wannan haɗuwa kai tsaye ba. Sukarin rake, wanda ake kira sukuros, ƙwayoyi biyu ne a manne, gulukos da furuktos, kuma sai zafi da ɗan tsami sun raba su kafin su iya kama amino asid. Zuma da dabino kuwa nasu a rabe yake tun asali. Daɗin daɗawa, akwai wani canji na dabam da yake samun sukari shi kaɗai idan ya ji wuta, watau ya narke ya yi duhu, kamar yadda ake gani wurin masu yin alewa da mazarƙwaila. Furuktos yakan fara wannan canji tun a wajen digiri 110, sukuros kuwa sai wajen 160. Ke nan labun zuma ya fi na sukari saurin yin launi, ya kuma fi shi saurin ƙonewa. Tsakanin ja mai ƙamshi da baƙi mai ɗaci ba ya wuce minti guda, shi ya sa gwanin kilishi ba ya gashi da harshen wuta sai da garwashin da ya lafa, kuma ba ya ɗauke ido. Ƙonannen gefe a yanke shi a yar, domin baƙin da hayaƙin kitse da ƙuna suke bari yana ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna iya haddasa ciwon daji idan aka daɗe ana ci.

Gashin nan ba don ɗanɗano kaɗai ake yinsa ba. Shanya tana hana bakteriya ƙaruwa, amma ba ta kashe su duka. Salmonella, alal misali, takan yi likimo a busasshen nama, har ma ta fi jure zafi bayan ta bushe. Saboda haka kada a gaggauta gashin, a tabbata kowane sashe ya ji wuta ciki da baya.

Gyaɗar da Aka Yi Labu da Ita

A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar da sanadin a cikin abincinsu, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Wata funfuna ce mai suna Aspergillus flavus ta kama gyaɗar, ta zuba mata dafin da aka sa wa suna afalatoksin. Wannan funfuna tana cikin ƙasar noma a duk yankuna masu zafi, har da gonakin Kusada da Kankiya. Takan shiga gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina, ko wadda ƙwari suka huda, ko wadda aka tara ba ta gama bushewa ba.

Dafin ba ya da ɗanɗanon da za a gane shi da shi, suya da gashi kuma ba sa kawar da shi gaba ɗaya. Ɓarnarsa a hanta take, a hankali, kuma haɗarin ciwon dajin hanta yana ninkuwa ga wanda yake ɗauke da cutar hanta nau'in B. Abin takaici shi ne, sau da yawa gyaɗa mai kyau ita ake kai wa kasuwa, tsukakkiya da mai tabo kuwa a bar wa masu matsar mai, daga nan ta koma ƙuli-ƙuli da yaji da labu. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda ake watsawa a gona, yana ɗauke da 'yan'uwan funfunar marasa dafi domin su mamaye wurin masu dafin. A gida kuwa babu abin da ya kai tsince gyaɗa da hannu kafin a soya: duk wadda ta motse, ko ta fashe, ko ta canza launi, a fitar da ita, kada kuma a ba kaji.

Burodin Nama

Curin niƙaƙƙen nama tsohon abinci ne, domin akwai bayaninsa a littafin girkin Rumawa da ake dangantawa da Apicius. Ya yaɗu a gidajen Amurka bayan samuwar injin niƙan nama na hannu a ƙarni na 19, ya kuma sami karɓuwa ƙwarai a lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, saboda da ɗan nama kaɗan da guntayen burodi ana iya ciyar da gida guda. Wannan dalili kaɗai ya isa a gwada shi a nan.

Ga awon da zai ishi mutum huɗu ko biyar. A sami rabin kilo na nama mai ɗan kitse, a niƙa ko a sassara shi da wuƙa bisa katako mai tsabta har ya yi laushi. A jiƙa kofi 1 na marmashin burodi da rabin kofi na madara, a fasa ƙwai 1, a yanka albasa ƙanana, a sa ƙaramin cokali 1 na gishiri da ɗan yaji. A cakuɗa da hannu har ya soma kama jikinsa, sai a tsaya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da aikinsa. Gishiri yana narkar da wani furotin na tsoka mai suna mayosin, ya fito waje yana danƙo, idan ya ji zafi kuma ya daskare ya manne gutsattsarin naman wuri guda. Idan aka wuce gona da iri wajen murzawa, mayosin zai yi yawa, burodin ya fito da tauri kamar roba. Ƙwai yana taimakawa wajen ɗaurin, domin yakan daskare tsakanin digiri 62 da 70. Burodin da aka jiƙa kuwa soso ne. Daga wajen digiri 60 zaruruwan nama sukan tsuke su matse ruwansu waje, sai sitacin burodi ya tsotse romon ya riƙe shi a ciki. A kilishi ana korar ruwa ne, a nan kuwa ana lallashinsa ya zauna.

Rashin murhun gashi na zamani ba zai hana ba. Dabarar da mata suke gasa kek da ita ta wadatar: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a rufe, a bar ta bisa garwashi ta yi zafi. Zafin da ake nema wajen digiri 180 ne. Ana iya gwadawa da ɗan garin fulawa a murfin gwangwani: idan ya yi ja-ja cikin minti 5, tukunya ta yi daidai. A shafa mai a kwanon gashi, a cura naman a ciki, kada kaurinsa ya wuce santimita 5, a ɗora bisa yashin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Zai ɗauki minti 45 zuwa awa 1.

Abin shafawa kuwa, a haɗa babban cokali 3 na markaɗaɗɗen tumatir mai kauri, cokali 2 na zuma ko narkakkiyar mazarƙwaila, cokali 1 na ruwan tsamiya, da ɗan citta. Tsamiyar tana karya zaƙin, tana kuma rage saurin haɗuwar Maillard, wanda yake ba mai girki ɗan sarari. Duk da haka kada a shafa tun farko. Lissafin kauri da aka yi a baya yana aiki a nan ma: zafi yana ratsa curin nama a hankali, kuma zumar da ke fara duhu a digiri 110 ba za ta jure awa guda a digiri 180 ba. A jira sai saura minti 15, a shafa, a ƙara garwashi a murfi. Ruwan tumatir zai ƙafe, sukarin ya yi kauri, ya bar wani sheƙi mai danƙo a bayan naman. Bayan an sauke a bar shi minti 10 kafin a yanka, domin romon ya natsu.

Akwai gargaɗi guda da ya fi duk abin da aka faɗa muhimmanci. A dunƙulen nama, irin na balangu, bakteriya galibi a baya suke, inda wuta take fara lasa. Niƙa kuwa yakan ɗebo na bayan ya cusa su har tsakiya, inda zafi yake isa a ƙarshe. A 1993 mutane fiye da 700 suka kwanta a yammacin Amurka, yara 4 suka rasu, bayan sun ci niƙaƙƙen naman da bai gasu ba, mai ɗauke da wani nau'in bakteriyar E. coli da ake kira O157:H7. Ƙa'idar da hukumomin lafiya na can suka tsayar ita ce tsakiyar niƙaƙƙen naman shanu ko na tumaki ta kai digiri 71, na kaza kuwa 74. Sheƙin zuma yana ruɗin ido, domin baya yakan yi kyau alhali ciki ɗanye ne. Wanda yake da ma'aunin zafi na abinci ya soka shi a tsakiya. Kada ɗalibi ya ɗauko na ɗakin gwajin makaranta mai zaiba a ciki, domin in ya fashe ya zama guba. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga tsakiyar ya duba: kada a ga ja, romon ya fito garau, tururi yana tashi. Da yake launi yakan canza wani lokaci kafin zafin ya cika, gara a ƙara masa minti 10.

Kilishin da ya bushe sosai yakan yi watanni idan an nannaɗe shi a takarda mai tsabta, ba tsohuwar jarida ko takardar siminti ba, aka ajiye shi nesa da laima. Abin da yakan ɓata shi a ƙarshe shi ne man gyaɗar da ke cikin labu, wanda iskar oksijin take sa shi ya yi maƙaƙi, ko da yake kanumfari da citta suna jinkirta haka. Burodin nama kuwa sakakken ruwansa yana nan kusa da na ɗanyen nama, shafen zumar bai canza komai a cikinsa ba. Inda babu firji, a cinye shi cikin awa 2 da saukewa.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa haɗuwar Maillard da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba. A yanka albasa babba, a kasa ta kashi uku daidai. Kashi na farko a bar shi haka nan, na biyu a barbaɗa masa ɗan garin kanwa, na uku a ɗiga masa ruwan tsamiya ko na lemun tsami. A soya kowanne da mai cokali 1, a kasko guda da wuta iri guda, wani ɗalibi yana riƙe da agogo yana rubuta mintin da kowanne ya soma ja. Mai kanwa zai riga sauran, ya kuma yi laushi har ya narke, domin kanwa kishiyar tsami ce, tana sakin hannun amino asid ya kama sukari da sauri. Mai tsami shi zai zo na ƙarshe.

Gwaji na biyu na lissafin kauri ne. A yanka tsoka biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya kauri, a auna nauyin kowacce, a shanya su a rana ƙarƙashin raga. A riƙa aunawa kowace awa, a zana sakamakon a takardar jadawali, nauyi a tsaye, lokaci a kwance, sa'an nan a kwatanta awoyin da kowacce ta ɗauka kafin ta zubar da rabin nauyinta. Idan aka yi gwajin sau ɗaya a watan Janairu, aka maimaita a watan Yuli, za a sami layuka huɗu a jadawali guda. Naman da aka yi gwajin da shi ya sha hannu da yawa, saboda haka a binne shi bayan an gama.